Bayan Ɗakin Inna

Idan kana tafiya tsakanin Maƙarfi da Ikara ka hangi kukoki sun taru a tsakiyar gona, babu gida ko ɗaya kusa da su, to gari ne ya taɓa zama a wurin. Kuka ba ta taruwa haka a daji don kanta. In ka matsa kusa za ka ga sauran shaida. Ƙasar ta yi tudu-tudu inda ɗakuna suka narke, fasassun tukwane suna fitowa a bakin fartanya, wani lokaci har da ramukan marina da ciyawa ta rufe. Dawar wurin kuma takan fi ta ko'ina tsawo, don tokar murhu da kashin awaki na shekara da shekaru suna ƙarƙashinta. Wannan shi ne kufai, kuma tun ina yarinya na san waɗanda suke kewaye da garinmu kamar yadda na san gidajen maƙwabta.

Mafi tsufa a cikinsu har yanzu yana da guntun ganuwa. Tsofaffi suka ce mahara ne daga gabas suka yi ta kwasar mutanensa zamanin kama bayi, waɗanda suka rage suka gudu manyan garuruwa. Akwai wani can wajen Kurmin Kogi, a bakin ruwa, inda ƙudan tsando ya yi yawa. Ciwon barci ya ci mutanensa har Turawa suka zo suka tashe su dole, aka sare itatuwan bakin rafin. Akwai kuma wanda agana ta shiga a shekara guda ta yi ɓarna, waɗanda suka tsira suka kasa ci gaba da kwana a ɗakunan. In ka tambayi matan garinmu kuwa, dukkansu iskoki ne suka tashe su. Ni ban taɓa yarda ba. Abin da na lura, iskoki ba sa tarewa a gari sai bayan mutane sun riga sun fita sun bar musu.

Namu garin babu wanda ya kore mu. Ba mahara, ba annoba, ba Bature. Hanya ce kawai. A shekarun farko bayan an samu 'yancin kai aka gyara hanyar mota, aka zuba mata marmara, manyan motoci suka fara zuwa kwasar gyaɗa da auduga. Sai dai ba ta biyo ta ƙofarmu ba. Ta bi ta kan tudu, tsakaninmu da ita akwai fadama wadda da damina jaki ma sai ya yi shawara kafin ya shiga. A bakin hanyar aka gina rijiyar siminti, aka kafa rumfar awon auduga, aka yi ajin makaranta. Mahaucin garinmu ne ya fara tashi, don direbobi suna cin tsire mu kuwa sai da Sallah. Maƙeri ya bi shi. Daga nan abin ya zama kamar warwarar saƙa, kowane rani sai gida kaza sun tafi. Ranar da liman ya kwashe littattafansa, kowa ya san an gama.

Tashin gida ba wani dogon aiki ba ne in akwai hannu. A yi gayya, a ɗaga jinkar ɗaki ɗungurungum, maza su shiga ƙarƙashinta, sai ka hango ta tana tafiya a kan hanya ba ka ganin komai sai ƙafafu. Mai soro ya zare azararsa, a ciro ƙyaure, a ɗora turmi da dutsen niƙa a kan jaki. Bango kaɗai ake bari, shi ma damina biyu ta ishe shi. Wurin kuma ba a yar da shi. Mai gida yana dawowa ya nome tsakar gidansa, don babu gonar da ta kai ta. Na ga mutumin da ya shuka masara a inda gadonsa yake, yana ta ba mutane dariya yana cewa bai taɓa sanin yana kwana a kan arziki ba.

A shekarar ƙarshe ta garinmu ni na riga na yi aure a Kudan, mijina yana sana'ar mazarƙwaila da injin matsar rake irin wanda doki ke juyawa. Cikin fari gare ni, don haka aka mai da ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowa. Na iso da bazara na tarar gidajen da ake hura wuta a cikinsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yayana, wanda duk muke ce wa Yaya, ya daɗe da komawa bakin hanya da iyalinsa. Ya gina wa Baba zaure a can, ya gina wa Inna ɗaki. Baba ya ce shi a shirye yake. Inna ce ta ƙi.

Dalilinta ba ta faɗa wa kowa ba, amma ni na san shi. Yaya ba shi ne ɗan farinta ba. Kafin shi ta haifi namiji, ya rayu har aka yaye shi, ƙyanda ta ɗauke shi. A lokacin ƙananan yara ba a kai su maƙabarta, a cikin gida ake sa su. Shi an sa shi a bayan ɗakin Inna, tsakanin bango da dangar kara. In ta bar gidan, wurin zai zama gona kamar na kowa.

Wanda bai tashi cikin irin tarbiyyarmu ba zai ce, to ta buɗe baki ta faɗa mana. Ba ta iya ba. Ɗan fari a wajenmu ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Uwa da uba duka. Kakanni ne suke ɗaukarsa su yi ta tsokanarsa, su yi masa kuka in ya yi ciwo. Uwar da ta rungumi ɗan farinta a bainar jama'a, sai mata su yi ta zunɗenta a bakin rijiya, a ce ba ta da kara. Mutuwa kuma ba ta ɗage wannan. Sai ma ta ƙara ɗaure shi, don wanda ba ka kira sunansa ba yana raye, ta ina za ka fara yana ƙasa?

Kakata ta wajen uba ce ta gaya mini, wata rana tana yi mini tsifa ina 'yar budurwa. Na tambaye ta me ya sa Inna ba ta yarda a ɗaure akuya a bayan ɗakinta ko a zuba toka, ga shi nan ne ya fi ko'ina dacewa. Kaka ta ja gashina ta ce, "Ke dai akwai bin diddigi, kishiyata." Haka take tsokanata. Sannan ta rage murya ta ba ni labarin. Ta ce wan Baba ne ya haƙa ya sa shi, ita ta yi masa wanka. Ta ce Inna ko ɗigon hawaye ba ta yi ba a gaban mutane, da yamma ma ita ta daka tsakin tuwo, har mata suna yaba ta. Kaka ta faɗi wannan da alfahari. Daga ranar na gane sharar da Inna take yi wa wurin kowace safiya, kafin ma ta share ƙofar ɗakinta.

Zuwa lokacin da nake ba da labari Kaka ta rasu, wan Baba ya rasu. Mutum biyun da za su iya tsayawa su ce ga abin da ke nan, sun tafi. Aka bar mutum biyun da ba za su iya ba.

Sai Inna ta shiga kawo dalilai, Yaya kuwa ya shiga warware su ɗaya bayan ɗaya, da zuciya ɗaya, don shi mutum ne da in ka ce masa ƙofa ta ƙi rufuwa ba zai tambaye ka komai ba sai ya ɗauko gizago. Ta ce ruwan rijiyar siminti zartsi ne. Ya cika tulu ya ɗauro a bayan keke ya kawo mata. Ta kurɓa ta ce yau dai ya yi daɗi, amma wa ya san na gobe. Ta ce motoci za su ƙare mata kaji. Ya gina akurki mai ƙofa. Ta ce ɗakin da ya gina ƙofarsa tana kallon hanya, duk wani kwandasta zai leƙa ta. Ya toshe ƙofar ya fasa wata ta baya. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa. Mutum ya kawo maka dalili na biyar bayan ka warware huɗu, ai ka san ba dalilin ne matsalar ba.

Zuwana ya ba ta dalili mai ƙarfi. Ta ce babu inda za ta je sai na haihu na gama wankan jego, ba za a yi wa 'yarta wanka a bakin titi direbobi suna jin ƙamshin ganye ba. Wannan babu wanda ya iya musa mata.

Amma ita ta sha wahalarsa. Wankan jego ruwa yake ci da itace, safe da yamma, babbar tukunya a tafasa da ganyen runhu. Rijiyar garinmu kuwa kowane rani ake yashe ta, mutum ya shiga ciki maza su yi ta jawo laka da igiya. Wannan shekarar babu mazan da za su ja. Ruwan ya koma ƙasa ya yi kauri, sai ka jefa guga ka jira ya tsatso. Ungozoma ta koma bakin hanya, sai da aka aika aka taho da ita. Bayan na haihu Inna ce take jan ruwan nan ita kaɗai, ta zuba a randa ya kwanta, ta tace, ta hura wuta, ta yi mini wanka, ta dama kunun kanwa. Tafin hannunta ya tsage saboda igiya. Na ce mata mu koma can mana ko don ruwa. Ta ce, "Ke aka yi wa wanka ko ni? Yi shiru ki sha kununki."

Namiji na haifa. Ban san nauyin abin da Kaka ta gaya mini ba sai a lokacin. Mata suka zo barka daga bakin hanya, aka miƙo mini shi in ba shi nono, na kau da kai na ce su ba ni wuri, kamar yadda aka koya mini. Suka yi dariya suka ce yarinya ta yi hankali. Alhali kuwa ji nake kamar in fizge shi daga hannunsu. In ɗaki ya zama babu kowa sai in kwance zanen in duba yatsunsa, in sa hancina a wuyansa. Ina jin motsi in mayar da shi in juya masa baya. Ina son yaron nan har tsoro yake ba ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Wata safiya ina cikin haka na ji ƙarar tsintsiyar Inna a bayan ɗaki, na yi kuka sosai. Da ta shigo ta tambaya na ce hayaƙi ne.

Ana nan Yaya ya sayi shanun noma da garma. Shi ne na farko a danginmu, kuma ba ya iya zama minti biyu bai kawo zancensu ba. Filayen gidajen 'yan'uwan Baba da suka tashi suna manne da namu ta gabas da yamma, duk an bar masa su. Ya lissafa cewa in ya cire dangarmu ta baya, shanu za su yi tafiya miƙaƙƙiya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da juyi ba. Mai fartanya yana iya kewaye kututture ko ya bar ɗan wuri, garmar shanu kuwa ba ta son kwana-kwana. Ya zo ya durƙusa ya gai da Inna ya ce mata ya daina takura mata. In tana so ta yi damina a ɗakinta, ta yi. Shi dai zai nome bayan gida da zarar ruwa ya sauka. Ya faɗi haka yana ganin ya kyauta mata.

Inna ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ta ci gaba da tsince wakenta. Na ga wake mai kyau yana tafiya cikin tsakuwa, tsakuwa tana tafiya cikin ƙwarya.

Da zai tafi na bi shi har bakin zaure, duk da mai jego ba ta fita. Na gaya masa abin da Kaka ta faɗa mini. Ya tsaya da kekensa. Ya san an yi wani kafin shi, kowa ya sani, amma bai taɓa jin inda aka sa shi ba. Ya ce, "Ke auta, Kaka fa a ƙarshen rayuwarta har da mutanen da suka mutu tun kafin Turawa take hira. Kuma wane gida ne a garin nan babu yaro a bayan ɗaki? Kowa ya nome nasa." Na ce wannan dai daban ne. Ya ce to masu abin ai suna da rai, bari ya tambaya.

Ban yi zaton a take zai yi ba. Baba yana zaune a zaure da wasu dattawa biyu da suka zo daga bakin hanya yi masa barka. Yaya ya durƙusa a gabansu ya ce, "Baba, zan sa garma a bayan gida. Akwai wurin da kake so in bari?"

A gaban baƙi. Na so ƙasa ta tsage. Baba ya dubi carbinsa ya ce, "Yi aikinka."

Zauren da ɗakin Inna babu nisa, kuma garin da babu mutane murya tana tafiya. Da na dawo na same ta ta ajiye ƙwaryar waken. Tun daga ranar ta rage cin abinci, in ta kai wa Baba tuwo sai ta ajiye ta juyo, babu 'yar hirar da suka saba. Ni kuma na ƙullaci Baba. A raina na ce maza haka suke, an binne an wuce.

Ruwa ya sauka sosai wata Laraba da la'asar, ƙasa ta jiƙu. Washegari Yaya ya zo ya tuge dangar baya ya tara karan a gefe. Bayan ɗakin Inna, wanda tun da aka haife ni yake a rufe, ya zama fili kowa yana gani daga nesa. Wurin a share yake tas, ƙasar ta yi sumul saboda tsintsiya. Ya ce gobe da hantsi zai zo da shanu.

Da safe Inna ta yi shararta kamar kullum. Sannan ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a wurin, ta baza kalwar da ta dafa za ta yi daddawa. Ina kallonta ta 'yar tagar ɗakin. Sama a lumshe take, babu ranar da za ta busar da komai, amma ta zauna a gefen tabarmar da 'yar sanda tana korar kaji.

Yaya ya iso da shanunsa da wani maƙwabcinsa da yake ja masa su. Suka fara daga gabas. Ƙasa tana kifewa baƙa ƙirin, ƙamshinta yana shigowa har ɗaki. Suka yi layi suka dawo, suka yi suka dawo, kowane zuwa suna matsowa. Da ya rage saura kaɗan ya tsai da shanun ya zo ya rusuna.

"Inna, a ɗan janye shanyar nan in wuce."

"Ba ta bushe ba."

"Ai ba za ta bushe yau ba, Inna, dubi sama. Kawo in mayar miki ƙofar ɗaki."

Ya sunkuya ya kama bakin tabarmar yana murmushi, ya ja ta gefe da kalwar a kai. Inna ta miƙe tsaye. Ta gyara ɗaurin zanenta ta tsaya a wurin hannunta a sake.

Sai ga Baba ya zagayo daga zaure da buta a hannu, kamar mai neman wurin alwala. Bai dubi Inna ba. Ya ce wa Yaya, "Bar nan. Ƙasar wurin ba ta da kyau."

Yaya ya yi dariya. Ya dunƙulo ƙasar a hannu ya murje ta ya nuna masa. "Baba, a duk kufan nan babu irin wannan. Dubi fa."

"Akwai gara."

"Gara a inda ake shara kullum? Ai ko ɗaya ban gani ba."

Ba gardama yake yi ba, Allah ya sani. Manomi ne aka gaya masa abin da idonsa ya ƙaryata. Maƙwabcin nan yana riƙe da igiyar shanu yana jira. Baba ya ajiye butar a ƙasa. Ya daɗe yana kallon shanun, kamar su zai yi wa magana. Da ya buɗe baki muryarsa ba ta canza ba, irin wadda yake cewa a ba jaki ruwa ce.

"Yayanka ne kwance a wurin. Daga gindin bangon nan zuwa inda ƙafarka ta dama take. Kansa yana kudu. Janye ƙafarka."

Yaya ya janye ƙafar kamar ya taka garwashi. Ƙasar da ke hannunsa ta zube. Maƙwabcin ya sunkuyar da kai ya shiga salati a hankali. Baba ya ɗauki butarsa ya koma zaure, bai yi alwalar ba.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta ta shigo ɗaki da sauri. Ta zauna a bakin gado ta ba ni baya. Can ta ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji, "Tsufa ya kama mahaifinku. Ya fara sakin baki a gaban yara." Kafaɗunta suna rawa. Na ɗauki ɗana na fita na bar mata ɗakin, na zauna a gindin rumbu, ban damu da wanda zai gan ni riƙe da shi ba.

Yaya bai ƙara sa garma ba ranar. Ya sallami maƙwabcin da shanun. Ya tafi bakin fadama ya saro rassan bini-da-zugu, irin wanda ake shinge da shi don dabba ba ta cinsa, ya dawo ya kafa su kewaye da wurin, ya bar fili fiye da yadda Baba ya nuna. Shi kaɗai ya yi, bai nemi taimako ba. Da ya gama ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a, mutumin da tun tasowarmu shi ne babba a gidan. Duk shekarun da ya yi yana noma kufan nan shanunsa suna zuwa wurin su karkata, har suka saba ba sai an ja su ba. Bayan rasuwarsa gonar ta canza hannu, ni kuma ƙafata ta daina kai ni. Ban san ko shingen yana nan ba.

Ban cika kwanakin wankana a garin ba. Bayan 'yan kwanaki Inna ta fara jera tukwanenta a ƙofar ɗaki, ta aika a gaya wa Yaya ya zo da jaki kafin fadama ta cika. Ba ta ƙara zancen zartsi ba, ba ta ƙara zancen kaji ba. Aka zo aka ɗaga jinkarta, aka zare azarar zauren Baba. Sauran gidajen da suka rage dama mu suke jira, a cikin makon suka biyo mu. Haka garinmu ya ƙare, babu wani taro, babu wanda ya yi jawabi.

Ranar tafiya maza suka yi gaba da kaya. Baba yana can gabansu da buzunsa a kafaɗa. Ni da Inna muka biyo baya a hankali saboda jikina bai yi ƙwari ba. Ita ta goya jaririn, tana tafe tana tsokanarsa, tana ce masa angon da bai kawo ko goro ba. Muka gangara fadama, ruwa ya kai idon sawu, muka haura. A kan tudun ta tsaya ta gyara goyon. Ana hango rijiyar siminti daga nan, da mata a kewaye da ita. Ba garinmu ta waiwaya ba. Bayan Baba take kallo, yana tafe shi kaɗai a gaba.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da aka sa shi, mahaifinku gona ya tafi tun da asuba. Bai dawo ba sai da aka yi magariba. Bai tambaye ni ba, ni ma ban nuna masa ba."

Na juyo na dube ta.

"Duk shekarun nan," ta ce, "na zaci bai ma san wurin ba."

Ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta ce in ɗaga ƙafa kada hadarin nan ya same mu a hanya.